Kimiyya a Unguwarmu: Me Ke Tsayar da Tirela a Titin Sharaɗa?

 

Ranar Talatar da ta wuce, ina tsaye a bakin titi a Sharaɗa ina jiran Adaidaita Sahu zuwa jami'a. An yi ruwa da asuba, kwalta a jiƙe take. Sai wani yaro sanye da kayan makaranta ya hango tirela tafe, ya auna da ido, ya ga kamar da sauran tazara, ya ruga zai tsallaka. Direba ya taka birki iya ƙarfinsa, amma motar ta ci gaba da sulalowa. Allah ya kiyaye, da ƙyar yaron ya sha. Jama'a suka yi ta salati, wasu na ganin laifin direba, wasu na yi wa yaron faɗa. Ni kuwa tambaya ce ta tsaya mini a rai: tunda an taka birki, me ya hana motar tsayawa nan take?

Amsar tana cikin darasin ire-iren ƙarfi, wanda ake koyarwa tun a ƙaramar sakandare. Matsalar ita ce yawancinmu haddace shi muke yi don jarrabawa, mu rufe littafi mu manta. Ni ma haka na yi a lokacina.

A kimiyya, ƙarfi shi ne turawa ko ja. Shi ke sa abu ya motsa, ya tsaya, ya ƙara gudu ko ya rage, ya sauya hanya, ko ya sauya siffa. A littafin da ya fitar a 1687, masanin nan ɗan Ingila, Isaac Newton, ya bayyana cewa abin da ke tafiya ba zai tsaya don kansa ba, sai wani ƙarfi ya tsayar da shi. Sunansa aka sa wa ma'aunin ƙarfi, wato niyuton.

Ƙarfi ya kasu gida biyu: wanda sai an taɓa abu yake aiki, da wanda ke aiki daga nesa.

Mu fara da na taɓawa. Ɗan garuwa da ke tura kura ɗauke da jarka 12, kowace mai cin lita 25, ruwan da ke gabansa kaɗai kilo 300 ne. Wannan ƙarfin turawa ke nan. Igiyar da lebura ya ɗaure kaya da ita a bayan mota, ta yi tamau, tana jan kayan ne don kada su zube. Wannan ƙarfin ɗaurin igiya ne. Danƙon harbin tsuntsu da ka ja ka saki ya koma yadda yake, shi ne ƙarfin talewa, kuma irinsa ne ke cikin sifirin ɗin mota. Ruwa ma yana da nasa: shi ke tura kwalekwale sama a Kogin Challawa har bai nutse ba.

Sai gogayya, wadda a makaranta ake ce wa firikshin. Ita ce ke tasowa idan abu biyu suka gogi juna, kuma tana turje wa zamewa. A masana'antun robobi na Sharaɗa, da na jima a Challawa, da na Bompai, injiniyoyi yaƙi suke da ita a wani wuri: suna zuba baƙin mai, su shafa giris, su sa boris, don kada ƙarfe ya ci ƙarfe inji ya yi zafi. A wani wurin kuma nemanta suke, domin ba don ita ba, bel ba zai juya inji ba. Zanen da ke ƙasan silifas ɗinka ma don ita aka yi shi.

Kashi na biyu ba ya buƙatar taɓawa. Na farko shi ne jan ƙasa. Duniya tana jan kowane kilo 1 da ƙarfin niyuton 9.8, don haka buhu mai kilo 50 tana jansa da niyuton 490. Ku kula a nan, don masu jarrabawa na son wannan tarko: kilo yana auna yawan kayan ne, niyuton kuma yana auna ƙarfin da ake jan kayan da shi. Da za a kai buhun duniyar wata, yana nan a kilo 50, amma jan zai ragu zuwa kusan kashi 1 cikin 6. Jan ƙasa ne kuma ya sa ake ɗora tankin ruwa a sama, ruwa ya sauko famfo ba tare da inji ba.

Na biyu maganaɗisu, wato mayen ƙarfe. Ku lura da masu jari bola: da shi suke rarrabe kaya, domin yana kama baƙin ƙarfe, amma ba ya kama alminiyom ko tagulla. Na uku ƙarfin lantarki. Ku goga biro na roba a gashi, ku kai shi kusa da ƙananan yagaggun takardu, za ku ga sun ɗago tun kafin ya taɓa su. Ya fi yin kyau da hunturu, lokacin da iska ta bushe.

To mu koma kan tirelarmu. Birki tayoyi yake kamawa. Abin da ke tsayar da motar ita kanta shi ne gogayyar da ke tsakanin taya da kwalta. Ruwa yana rage wannan gogayya, haka yashi, haka baƙin man da ya zube, haka tayar da ta suɗe. Ga kuma lissafin da nake so kowa ya riƙe: idan gudu ya ninka sau 2, nisan da mota ke ci bayan an taka birki yana ninkawa sau 4. Ƙaramar mota mai tayoyi masu kyau, a busasshiyar kwalta, idan tana gudun kilomita 30 a awa, za ta tsaya bayan kusan mita 5. A kilomita 60, sai kusan mita 20. Kafin ma direba ya kai ƙafa kan birki, daƙiƙa 1 kacal ta isa motar ta ci kusan mita 17. Tirela mai lodi a jiƙaƙƙen titi tana buƙatar fiye da haka sosai.

Saboda haka, idan ka hango babbar mota, kada ka dogara da cewa direba ya gan ka. Yana iya ganinka, ya taka birki, gogayya ta gaza. Tsaya ta wuce, ko da za ka makara. Gara bulalar makara da gadon asibiti. Ku kuma faɗa wa ƙannenku da kuke riƙe wa hannu zuwa firamare.

Tambayar mako: me ya sa ɗan garuwa ke shan wuya a cikin yashi fiye da kan kwalta, alhali ruwan bai ƙaru ba? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.