Kafin ku ɗora Kaka a kwalekwale

Na san ka gani, don ni ma ya bi ta wayata ya fi sau goma. Wani ƙaton jirgin ruwa, kamar an ɗauko unguwa guda an ɗora a kan teku: bene a kan bene, wurin ninƙaya a can sama, gidajen cin abinci birjik, ga wata dattijuwa a kan keke jikokinta na tura ta suna ta dariya. A ƙasan bidiyon an rubuta cewa gida ɗaya ne, kaka da 'ya'ya da jikoki, suka fita hutun mako guda. Ka tura guruf ɗin gidanku na WhatsApp, ka rubuta "Allah Ya nuna mana." Aka yi ta zuba amin. Data ta ƙare, magana ta mutu.

Jiragen ba ƙarya ba ne. Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga Miami ta Amurka a watan Janairun 2024, yana iya kwasar mutum 7,600, ban da ma'aikata. Saudiyya ma ta shiga harkar: a watan Disambar 2024 jirgin AROYA ya fara tashi daga Jidda yana zagaya Bahar Maliya, ba giya, ba caca, ga wurin sallah. Wanda Allah Ya hore masa, bismillah. Amma ni da kai mun san kuɗin tikitin jirgin sama na mutum ɗaya zuwa Jidda kawai ya isa ya rufe bakin guruf ɗin, balle a ce mutum ashirin, ga fasfo, ga biza.

To mu dawo gida. Idan kai ɗan Kafin Dafga ne kamar ni, ko ɗan Rogo, ko Ƙaraye cikin gari, ruwan da kake kallo a wayar wani yana nan kusa da kai. Dam ɗin Challawa a ƙasar Ƙaraye yake. Kamfanin Julius Berger ne ya gina shi tsakanin 1990 da 1992, bangonsa ya kai tsayin mita 42, tsawonsa kusan kilomita 8, kuma idan ya cika yana riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Mutanen Birni sai sun yi tafiyar kilomita kusan 90 kafin su gan shi. Mu kuwa a bayan gida yake, shi ya sa muka raina shi. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: ka taɓa kai kakarka bakin ruwan nan don kawai ta sha iska?

Mu mun gwada a gidanmu, karon farko kuma muka sha ƙasa. Wani ƙanina ne ya kawo shawarar, muka yi mako biyu muna tsarawa a guruf. An zaɓi kalar anko. An zaɓi wanda zai ɗauki bidiyo, har da waƙar da za a ɗora a kai. Saura kwana biyu sai aka tura ni in sanar da Hajiya Kaka, wadda aka ce domin ta ake yin tafiyar. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To maigidan, ina zan kama ruwa idan mun je? Kuma wa zai ɗaga ni daga ƙasa in na zauna?" Ban da amsa ko ɗaya. Mu goma sha a guruf, da masu digiri da masu difloma, babu wanda ya tuna tana da gwiwa. Ta ce mu je, Allah Ya kiyaye hanya, ta gode. Tafiyar da ba a yi ba ke nan.

Daga baya na gane abin da ya sa iyalai a wasu ƙasashe suke zaɓen jirgin ruwa idan za su fita da tsofaffi da jarirai. Kyan jirgin na nan, amma babban dalilin shi ne ba a wahalar da mai rauni. Ɗakin kwana, abinci, ban ɗaki da likita duk a wuri ɗaya suke. Tsohuwa tana zaune inda take, gari ne yake zuwa ya same ta. Yara suna da nasu wurin, samari suna da nasu, sai a haɗu a kan abincin dare. Wannan tsarin ba ya buƙatar teku, kuma shi ne abin da za ka iya kwaikwaya da kuɗin da ke aljihunka. Ka fara lissafi daga wanda ya fi kowa tsufa da wanda ya fi kowa ƙanƙanta. In tsarin ya yi musu, kai mai shekara ashirin da biyar ko a kan dutse aka ajiye ka za ka ji daɗi.

A aikace ga abin da nake nufi. Kafin ka buɗe baki a guruf, ka je ɗakin Kaka ka zauna a ƙasa ka tambaye ta. Awa nawa take iya yi a mota? Ƙarfe nawa take shan maganin hawan jini ko na siga, kuma sai ta ci me? Wa take so ya zauna kusa da ita? Kar ka yi mamaki in ta ambaci wata ƙawarta da ba ta cikin lissafinku, ka ƙara kujera kawai. Sannan wani a cikinku ya hau babur ya je wurin tun kafin ranar, ya ga inda mota za ta iya tsayawa kusa da inuwa, ya ga inda za a kewaye da zani ko tabarma a yi makewayi, ya tambayi masu kula da wurin inda aka yarda a zauna da inda ba a yarda ba, tunda dam ɗin yana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ne, ba filin kowa da kowa ba. Kujerar roba mai hannu guda biyu ta fi ankon da kuka ɗinka amfani, wallahi.

Yanzu maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Duk wanda ya je bakin ruwa da waya a hannu, abin da ke ransa shi ne bidiyo a cikin kwalekwale, kowa da kowa a ciki, Kaka a tsakiya. Ɗan uwa, dakata.

Ranar 30 ga Nuwamban 2021, a dam ɗin Watari da ke Bagwai, nan jiharmu, kwalekwale ya kife da mutanen da suka taso daga ƙauyen Badau za su je Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara ne 'yan Islamiyya. An ɗora wa jirgin fiye da ƙarfinsa. A watan Yunin 2023 kuma, a yankin Patigi na jihar Kwara, 'yan biki da ke dawowa cikin dare suka nitse a kogin Neja, sama da mutum 100. Ka lura da su waye a cikin jiragen nan biyu: 'yan uwa ne da maƙwabta, suna cikin farin ciki, kowa na cewa a matsa a ba wane wuri, ai ba za a bar shi a baya ba. Zumuncin da ya tara su shi ne ya cika jirgin. Allah Ya ji ƙansu. Idan gida guda ya shiga kwalekwale ɗaya, ka san me aka ɗora a kan katakon nan.

Manyan jiragen da kake sha'awa ma sai da suka ɗanɗana. A watan Janairun 2012 Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka mutu, kuma akwai fasinjojin da ba a riga an nuna musu inda za su taru in an samu matsala ba. Bayan haka aka tsaurara doka, ya zama ana yi wa fasinja wannan bayanin tun a tashar da suka hau, ba sai an kwana a teku ba. Wato attajirin da ya biya dubban daloli sai ya tsaya an koya masa sa rigar kariya. Kai kuma da za ka hau jirgin katako kana jin kunyar tambaya, kar matuƙi ya ce kai matsoraci ne.

Ra'ayina a nan ba shi da sassauci. Babu rigar kariya, babu hawa, kuma Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta daɗe tana faɗin haka, tare da hana tafiyar dare. In ba ku samu riguna a wurin ba, ku saya ko ku aro guda huɗu ko biyar tun daga Kano, a riƙa shiga kaɗan-kaɗan ana musanyawa. Kar uwa da duk 'ya'yanta su shiga zubi ɗaya. Adadin da matuƙi ya ce jirginsa na ɗauka, ku rage, ku biya shi kuɗin kujerun da kuka bari. Ba mai miƙewa tsaye don ɗaukar hoto. Kaka kuwa, in ba ita ta nema da bakinta ba, a bar ta a inuwa tana kallo. Za ka ji wani ya ce ai in kwana ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi. Gaskiya ne, amma ban taɓa ganin mai faɗin haka ya bar babur ɗinsa a kasuwa ba tare da ya kulle ba.

Yara kuma su ne za su fi ba ku aiki, don da sun ga ruwa sai tsalle. Ban da nitsewa, ruwan dam da ba ya gudu gidan tsargiya ne. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin ƙananan katantanwa, ta huda fata ta shiga, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Ba sai ya sha ruwan ba, tsoma ƙafa ma ya isa. Ku je da jarkokin ruwanku na sha da na alwala, kuma kowane yaro a damƙa shi a hannun babba guda da sunansa. "Kowa na kallonsu" shi ne ba mai kallonsu.

Sai kuɗi, inda zumunci ya fi yin tuntuɓe. Kowane gida akwai Yaya na Abuja ko na Legas da zai ce a bar masa komai. Madalla da shi, amma in mutum ɗaya ya biya duka, shi zai zaɓi rana, shi zai zaɓi mota, sauran su koma 'yan rakiya, Baffan da ke noma a gida kuma ya ji kamar an yi masa sadaka a gaban 'ya'yansa. Ni na fi son karo-karo ko adashin wata uku, kowa daidai ƙarfinsa, kuma a lissafa abin da ba kuɗi ba. Wanda ya kawo kwanon shinkafa biyar ya biya. Wanda ya ba da motarsa ya biya. Mutum ɗaya ya riƙe lissafi, kuma kar a riƙa liƙa sunayen waɗanda ba su bayar ba a guruf, abin kunya ne da muka mayar wayewa.

Ke kuma 'yar uwa, na san abin da ke ranki, don na ga yadda ake yi. A ce an fita shaƙatawa, amma Inna da Gwaggo da matan yayye sun tashi tun asuba suna dambu da waina, a bakin ruwa su ne rabon abinci, su ne goyo, a dawo gida su ne wanke-wanke. Maza sun huta, mata sun canja wurin aiki. Ki faɗa a guruf tun da wuri, kar ki yi shiru. A sayi kifi a hannun masunta, karfasa ko tarwaɗa, samari su hura wuta su gasa, ba abin da zai ragu a jikinsu. Matan aure kuma a nemi izinin mazajensu da wuri ta bakin babba, ba ranar tafiya ta bakin yaro ba.

Lokaci ba wuya. Damina ba ta yi ba, ana gona, ruwa ya cika, hanya ta ɓaci. Ranar Sallah da washegari cunkoso ne da gudun ganganci. Bayan an gama girbi ya fi, aljihu da ɗan nauyi, rana ba zafi. A fita da hantsi bayan sanyin safe ya saki tsofaffi, a yi azahar a can, ana idar da la'asar a kama hanya.

Kar kuma ka ɗauka fita da iyali gaba ɗaya baƙon abu ne da muka koya a TikTok. Kakannin kakanninmu sun tafi Makka a ƙasa da matansu da 'ya'yansu, ta Borno da Chadi da Sudan, suna tsayawa su yi noma su sami guzuri, wasu shekaru suke yi kafin su kai Sawakin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Wasu ma ba su dawo ba, jikokinsu na can Sudan har yau suna jin Hausa. Mu wuni ɗaya ne kawai ake nema a hannunmu.

Karo na biyu mun je. Ba anko. Bas ɗaya da ƙaramar mota ɗaya, kujerun roba a ɗaure a sama. Mutum shida ne kawai suka shiga kwalekwale, uku-uku, sauran suka ce sun yafe. Hajiya Kaka ta zauna a inuwa da ƙawarta, ta daɗe tana kallon ruwan ba ta ce komai ba. Can sai ta ɗaga sandarta ta nuna wani wuri a tsakiya, ta fara ba jikoki labarin lokacin da babu dam, da hanyar da suke bi a ƙasa zuwa biki tana amarya, da wata tsamiya da suke hutawa a gindinta. Ƙanina mai bidiyo yana can bakin wuta yana juya kifi, wayarsa a aljihu. Sai a mota ya tuna, ya ce Kaka ta maimaita. Ta ce ta gaji, sai wata shekarar in da rai.