Sharhi: Taswirar masu aikin sa kai bayan mahaukaciyar guguwa da darasin Puerto Rico

Daga ranar 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba na kowace shekara, ƙasashen yankin Karebiyan kan kasance cikin zaman ɗar-ɗar, domin a wannan tsakanin ne mahaukaciyar guguwa ta fi tasowa daga Tekun Atlantika. A ƙarshen Oktoban 2025 guguwar Melissa ta afka wa yammacin Jamaica da ƙarfin mataki na biyar, wanda shi ne ƙololuwar ma'aunin. Duk lokacin da irin wannan ya auku, jami'an agaji kan fuskanci tambayoyi iri ɗaya tun kafin su loda buhun abinci na farko: ina gidajen jama'a suke, nawa ne, kuma ta wace hanya za a isa gare su?

Shekara fiye da goma ke nan wani ɓangare na amsar yana fitowa daga mutanen da ke zaune gaban kwamfuta a ƙasashe masu nisa, ba tare da an biya su ko sisi ba. Dandalin da suke aiki a kansa shi ne OpenStreetMap, taswirar duniya da Steve Coast ya assasa a Birtaniya a 2004, wadda kowa ke da damar gyarawa da amfani da ita kyauta. Girgizar ƙasar Haiti ta ranar 12 ga Janairun 2010 ce ta fito da amfaninta fili, lokacin da ɗaruruwan masu sa kai suka zana titunan birnin Port-au-Prince cikin 'yan kwanaki. A shekarar ce aka yi wa ƙungiyar Humanitarian OpenStreetMap Team rajista, wadda aka fi sani da HOT, domin tsara irin wannan aiki.

Tsarin aikin ba shi da sarƙaƙiya. Kamfanonin da ke da tauraron ɗan Adam kan saki hotunan yankin da bala'i ya shafa, sai a yanyanka yankin zuwa ƙananan murabba'ai a intanet. Kowane mai sa kai ya ɗauki guda, ya bi hoton yana zana rufin gidaje, hanyoyi da gadoji. Daga nan wani wanda ya fi shi gogewa ya duba aikin ya gyara kurakurai, kafin masu agaji su sauke taswirar a wayoyinsu, inda za ta yi aiki ko da babu intanet.

Tsibirin Puerto Rico, wanda ke ƙarƙashin ikon Amurka, ya zama babban zakaran gwajin dafi ga wannan tsari. Ranar 20 ga Satumban 2017 guguwar Maria ta sauka kusa da garin Yabucoa, ta katse wutar lantarkin tsibirin baki ɗaya, ta kuma durƙusar da hanyoyin sadarwa. Sai da aka shafe kusan wata 11 kafin wuta ta koma ko'ina. Daga baya gwamnatin tsibirin ta amince da adadin mutum 2,975 a matsayin waɗanda suka rasu sakamakon guguwar, bisa binciken Jami'ar George Washington. Da yawa daga cikinsu sun mutu ne a makonni da watannin da suka biyo baya, saboda rashin wuta, magani da hanyar zuwa asibiti. A irin wannan hali, jinkirin gano wani ƙauye a kan tsauni yana iya zama sanadin rasa rai.

Cikin makonnin farko, jami'o'in Amurka da dama, ciki har da Jami'ar Columbia da ke New York, sun shirya tarukan zana taswira, inda ɗalibai da malamai da 'yan asalin tsibirin mazauna Amurka suka zauna tare suna aiki. Dubban mutane suka sa hannu, aka zana gine-gine sama da miliyan ɗaya. Hausawa kan ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Aikin da zai ɗauki ofishi guda shekaru ya kammala cikin ɗan lokaci, kuma ƙungiyoyi irin su Red Cross sun sami abin dogaro wajen ƙiyasta yawan jama'a da tsara rabon kaya.

Sai dai hoton sama yana da iyakarsa. Yana nuna rufi, amma ba ya faɗin sunan unguwa, ba ya bambanta ɗakin shan magani da shagon kayan masarufi, kuma ba ya sanin gidan da ke da tsoho mai buƙatar wankin ƙoda. An ga wannan tun a Nuwamban 2013, bayan guguwar Haiyan ta daidaita birnin Tacloban na ƙasar Filifins. Da aka kwatanta ƙiyasin ɓarnar da masu sa kai suka yi daga nesa da abin da masu bincike suka tarar a ƙasa, an sami saɓani mai yawa, domin wanda ke kallo daga sama ba ya ganin bangon da ya tsage matuƙar rufin yana nan.

A Puerto Rico kuma wata matsalar ta daban ce ta bayyana a lokacin farfaɗowa. Gidaje masu yawa an gina su ne ba tare da takardar mallaka ba, ko kuma an gaje su kaka da kakanni ba a taɓa rubutawa ba. Hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ta yi watsi da buƙatun iyalai masu yawa saboda sun kasa gabatar da shaidar mallaka, kuma sai a 2021 ta sassauta ƙa'idojin. Gidan mutum yana iya fitowa sarai a taswira, amma mai gidan ya kasa samun kuɗin gyara rufinsa. Taswira tana taimaka wa hukuma ta ga jama'a, amma shawarar biyan diyya tana hannun masu tsara doka.

Waɗannan darussa ne suka sauya alƙiblar masu wannan aiki. A 2014 HOT da ƙungiyar likitoci ta MSF da ƙungiyoyin Red Cross na Amurka da Birtaniya suka kafa shirin Missing Maps, da nufin zana yankunan da ke cikin haɗari tun kafin bala'i ya zo. Daga baya HOT ta buɗe cibiyoyin shiyya, ciki har da ta Yammaci da Arewacin Afirka, domin jagorancin aikin ya koma hannun mazauna wuraren. Dalilin a bayyane yake: sai da ɗan gari kan ci gari. Na nesa ya zana rufi, na gida ya bi da ƙafa ya sa suna, ya nuna rijiya, makaranta da hanyar da ruwa ke yankewa da damina.

Najeriya ba ta cikin hanyar irin wannan guguwa, amma tana da nata ambaliyar. Ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Satumban 2024 ta mamaye babban ɓangare na Maiduguri, kuma a ƙarshen Mayun 2025 ambaliya ta hallaka mutane da dama a Mokwa ta Jihar Neja. Ƙasar ba baƙuwa ba ce ga amfanin taswira, domin yaƙi da cutar shan inna a Arewa ya dogara matuƙa ga zana ƙauyuka da rugage daga hotunan tauraron ɗan Adam. Akwai kuma rassan ƙungiyar ɗalibai ta YouthMappers a jami'o'in ƙasar.

Abin da ya rage shi ne haɗa waɗannan hannaye da hukumomi. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, tana ambata ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Idan NEMA da takwarorinta na jihohi suka ɗauki wannan jerin suka miƙa wa ɗalibai da masu unguwanni tun da rani, za a iya zana garuruwan a tantance su kafin ruwan farko ya sauka.  Tun ran gini tun ran zane.