Bindigar Yale Da Talo-talon Da Ya Ƙi Mutuwa



In mutum ya rataye rigarsa ya fita, yakan ɗauka tana nan, sai fa in an ce masa ɓarawo ya shiga. Wannan 'yar hikima, wadda ko yaro ya sani, ta daɗe tana wahalar da masu koya wa kwamfuta tunani. Tun 1969 John McCarthy da Patrick Hayes suka lura cewa in an gaya wa na'ura abin da wani aiki ke canzawa, ba ta gane cewa sauran abubuwa suna nan yadda suke. Sai aka ba ta ƙa'ida: ta ɗauka canji kaɗan ne ke aukuwa, ta kuma janye hukuncinta in sabon labari ya zo. Tsohon ilmin manɗiƙi bai san janyewa ba, don haka a 1980 McCarthy da Raymond Reiter kowa ya fito da nasa tsarin.

Ana murna ke nan, sai a 1986 Steve Hanks da Drew McDermott na Jami'ar Yale suka kawo wani misali. An ɗura bindiga, aka dakata kaɗan, aka harbi Fred, wanda daga baya masu ba da labarin suka mai da shi talo-talo. Kowa ya san ya mutu. Amma tsarin ya ba da amsa biyu. Ta farko, Fred ya mutu. Ta biyu, harsashin ya ɓace haka kawai lokacin dakatawar, Fred na raye. Canji ɗaya nan, canji ɗaya can, ba ta da hujjar fifita wata. Ni dai ban ga laifinta ba, ba wanda ya gaya mata cewa jiya ke haifar da yau.

Yoav Shoham da Henry Kautz suka ce a bi lokaci daki-daki, a jinkirta kowane canji iyakar iyawa. Fred ya mutu, madalla. To amma Kautz da kansa ya nuna aibin maganin: ka ajiye mota da safe, ka dawo da yamma ba ta, na'ura za ta dage cewa dab da isowarka aka sace ta. Wane ɗan sanda ne zai karɓi wannan?

A 1991 Reiter ya bi wata hanya: a lissafa dukkan ayyukan da ke iya canza abu, in ba ɗayansu, abin na nan. Ta warware batun bindigar, amma da sharaɗin mai lissafin bai manta da ɓarawo ba. Ku tuna da wannan sharaɗi ranar da aka ce mutum-mutumi ne zai raba wa majinyata magani.