Mu Leƙa Wajen 'Yan China Kafin Sanyin Nan Ya Wuce

Kano ba ta da unguwar da ake kira ta 'yan China. Legas tana da China Town a Ojota, amma a Kano a warwatse suke: wasu a Kantin Kwari, wasu a masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, gidajensu da wuraren cin abincinsu kuma a ɓangaren Nassarawa. Shi ya sa da yawanmu ba mu taɓa tsayawa mun dube su da kyau ba, alhali atamfar jikin ƙannenmu, da silifas ɗin ƙafarmu, da wayar da kake karanta wannan shafi a cikinta, da wuya a ce babu hannunsu a ciki.

Da ku nake, matasanmu na Tafashiya da Kankia da Kusada. An gama girbi, an kai dawa rumbu, da yawanku kun hau motar Kano cin rani, wasu sun koma makaranta. Maimakon a ƙare ƙarshen mako a duƙunƙune a bargo ko a gidan kallon ƙwallo, a ware Asabar guda, a sa rigar sanyi, a je a ga mutanen nan da ido.

Fara da Kwari, da hantsi, in hazo ya ɗan yaye. Kada ka shagala da kallon zanen atamfa. Dubi wa ke sauke dila, wa ke riƙe da littafin lissafi, wa ke tafinta, wa kuma ke yanka farashi. Sau da yawa za ka tarar namu ne a wajen dako da tafinta, farashin kuwa daga wani wuri ake yanko shi. Tambayi dattawan kasuwar, za su gaya maka a da Kwarori ne ke riƙe da kantunan nan, ga titin Beirut nan shaida. Yaran shagonsu Hausawa ne suka zauna suka koyi sirrin, har kasuwar ta dawo hannunsu. Da kallo da haƙuri suka ci ta.

Wani abu da ba a cika faɗa mana ba: ba jiya mutanen nan suka zo Arewa ba. Wani attajiri daga Hong Kong, Cha Chi Ming, shi ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964. A lokacin a nan ake saƙa tufafin, da audugar da irin su manoman Funtua da Malumfashi ke nomawa, kuma dubban mutanenmu sun ci abinci a wajen. Masaƙar ta rufe a 2007. Yanzu a can ake saƙawa, mu namu saye da sawa.

Na san abin da wani zai ce: ai su suka kashe mana kasuwa, me za mu je yi wajensu? Ƙorafin yana da tushe. A watan Mayun 2012 jami'an shige da fice sun kama 'yan China 45 a Kwari kan shiga kasuwancin da ba shi ya kawo su ba. Ni ma ban yarda mai masana'anta ya zama shi ne dillali, shi ne kuma mai sayar da turmi ɗaiɗai ba. Ma'aikata na kukan dogon aiki da ƙaramin albashi, kuma mutane ba su manta da kisan da aka yi a Janbulo a 2022 ba, wanda kotu ta yanke wa mai laifin hukuncin kisa a 2024. Amma fa laifin mutum guda nasa ne shi kaɗai. Sannan fushi daga nesa bai taɓa sauko da farashin shadda ba. Garin da ke da Ayagi da Zangon Barebari da Agadasawa ya daɗe da sanin yadda ake zama da baƙo a amfana da shi. Ko a 2019 Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa Mike Zhang Wakilin 'Yan China, don a san wanda za a kira in magana ta taso.

In yunwa ta kama ka, shiga gidan abincinsu, amma ka tambayi abin da ke cikin tukunya tun kafin a zubo. Ba rashin kunya ba ne. A China ma akwai miliyoyin Musulmi, kuma 'yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou wajensu suke cin taliya. Sabuwar shekararsu tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, cikin sanyinmu ke nan, lokacin ne suke rataya jajayen fitilu. Kada ka ɗauki hoton kowa don TikTok ba da izininsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne harshe. Tun 1963 rediyon China ke watsa shiri da Hausa. A Kwari za ka ji Basine yana ciniki da Hausarsa karya-karya, ko kunya ba ya ji. Mu kuwa mutum nawa ne a ajinku ya wuce "ni hao"?

Masana'anta ba a faɗa mata kai tsaye, sai ka bi ta hannun ɗan garinku da ke aiki a ciki, kuma ba za ka rasa ba. In Allah Ya sa an bar ka ka shiga, ka tambayi nawa ake sayen injin buga silifas ɗin, daga ina ake kawo robar, kuma in ya lalace wa ake kira ya gyara.