Zauren Iyali: Baƙon da Ya Zo Taimako

Ran Lahadin da ta wuce da la'asar wani maƙwabcinmu a nan Tudun Jukun ya yi mana sallama, muka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Bayan mun gaisa sai ya ce 'yarsa mai aikin jinya za ta tafi wata ƙasa aikin sa kai, an kuwa gaya mata a gidan waɗansu mutanen garin za ta sauka, ta ci abin da su ke ci. Ya ce, "Malam, uwarta ta daka mata yaji, ta ƙulla mata kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Me kuma ya rage?" Muka ce masa abin da ya rage ba ya shiga akwati. Tun da shi ke ba shi kaɗai ke da ɗa a bakin hanya ba, mun ga ya kamata mu kawo zancen cikin wannan fili.

Mutanen Zariya ba yau suka fara ganin masu aikin sa kai ba. (Ba masu gora da tocila da ke tsaron unguwa mu ke nufi ba, ko da shi ke su ma haka a ke kiransu.) A 1958 aka kafa ƙungiyar VSO a Ingila. A 1961 Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa Peace Corps, cikin shekarar kuma aka kafa CUSO a Kanada. Samari da 'yan mata daga waɗannan ƙasashe suka zo suka koyar da Turanci da lissafi da kimiyya a makarantun sakandare na Arewa, dattawa da yawa a yau ta hannunsu suka bi. Amma galibinsu a gidajen malamai cikin makaranta suka zauna, da kuku da babur, gari kuwa sai kallo. Daga baya ne aka gane cewa wanda bai kwana cikin gida ba bai san gari ba. Shirin nan na ICS, wanda gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinsa daga 2011 zuwa 2020, a gidajen mutane ya riƙa saukar da matasansa kamar wata uku, kowane baƙo tare da ɗan ƙasa. Mu ma mun zama masu aikawa, gama a 1987, zamanin Janar Babangida, Nijeriya ta kafa shirin TAC, mai aika likitoci da malamai da injiniyoyi aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik.

Mun taɓa saukar da irin wannan baƙuwa a gidanmu, wata Baturiya da ta zo koyarwa. Ran Alhamis ta iso, saboda haka yara suka sa mata suna Lami. Mun ji tsoron abinci ne zai kā da ita, ashe ba shi ba ne. Ba ta yi mako biyu ba ta saba da tuwon masara da miyar kuka, ƙosai da koko kuwa har ta fi mu so. Abin da ya kusa raba mu ƙofar ɗaki ce.

In Lami ta komo daga makaranta sai ta ce "Sannu" daga nesa, ta shige ɗaki ta ja ƙofa. A ƙasarsu wannan ladabi ne, wato kada ta dami masu gida. A wurinmu kuwa wanda ya rufe ƙofa da rana tsaka ko dai ba shi da lafiya, ko yana fushi. Uwargida ta yi ta bincikar kanta ko ta yi mata wani laifi. Da safe Lami ta kan wuce Goggo, tsohuwar gidan, da ɗaga hannu kawai, ba rusunawa, ba tambayar kwana, ba tambayar gajiya. Goggo ba ta ce kome ba, amma ta daina ajiye mata goro. Ranar da abin ya kai maƙura ita ce ranar da uwargida ta wanke mata tufafi ta goge, Lami ta miƙo mata kuɗi, da hannun hagu kuma. Uwargida ta shiga madafa ta yi kuka. Ta ce, "Ni na ɗauke ta 'ya, ashe ita wankau ta ɗauke ni."

Sai dai kada mu ɗora wa yarinyar nan laifi duka, gama namu ya fi nata. Mu ne muka riƙa kai mata abinci ɗaki a faranti da cokali, alhali kowa yana tsakar gida ana ci tare. Mu ne muka hana ta taɓa tsintsiya, muka hana yara shiga wurinta. Mun ce girmamawa ce, ita kuwa ta ɗauka ba a son ta kusa. Ta faɗa mana daga baya cewa dare da yawa ta kan ji mu muna dariya a tsakar gida, ta zauna bakin gado tana hawaye, tana lissafin kwanakin da suka rage mata. Hausawa sun ce zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi. Tuwon mun ba ta, "zo" ɗin ne muka hana ta.

Zazzaɓin cizon sauro ne ya shirya mu. Da ya kwantar da ita kwana huɗu, bayan an kai ta asibiti an komo, ba ta da ƙarfin rufe ƙofa. Uwargida ta kwana a ɗakinta bisa tabarma, Goggo ta dama mata kunun tsamiya ta tsaya a kanta sai da ta shanye, matan maƙwabta suka yi ta shigowa dubiya. Wadda ta ƙetare teku domin ta taimaki mutane ta iske kanta a kwance, mutanen suna taimakonta, ba kuwa abin da za ta biya su da shi. Mun lura wannan shi ne abin da ya fi yi wa masu irin aikin nan wuya. Sun zo da niyyar bayarwa, sun iya ta sarai, amma ba wanda ya koya musu karɓa. Da ta warke, ran nan uwargida ta miƙa mata ƙwarya ta ce, "Lami, kai mini niƙa." Ta ɗauka a ka, yara na biye da ita suna shewa har bakin inji. Tun daga ranar Goggo ta koma ajiye mata goro, ko da shi ke ba ta taɓa iya cinsa ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi ƙofa haɗari a zamanin nan. A watan Oktoba na 1961 wata budurwa 'yar Peace Corps da ke karɓar horo a Jami'ar Ibadan ta rubuta wa wani abokinta a Amurka kati, tana kwatanta talauci da ƙazantar da ta ce ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, suka kwafe shi suka rarraba, aka yi zanga-zanga, tilas yarinyar ta bar ƙasar. Kati ɗaya ke nan. Yau kowane matashi yana da waya a aljihu, abin da ya sa a Facebook da dare, ɗan masu gidan zai gani kafin gari ya waye. Hoton makewayinsu ko na tukunyarsu da ka sa domin abokanka su yi dariya, asirin gidan da ya rufa maka asiri ne ka tona.

To, ga abin da muka ce maƙwabcinmu ya gaya wa 'yarsa. Kafin ta tashi ta koyi gaisuwar mutanen da harshensu, ta tambayi yadda a ke kiran uba da uwa a can, ta kira masu gidan haka. Ta bar ƙofarta a buɗe in a buɗe su ke barin tasu. In kuwa ƙasar masu rufe ƙofa ce, kada ta ɗauka ƙiyayya ce, ta ƙwanƙwasa kafin ta shiga. Ta roƙi a ba ta wani aiki na gida tun makon farko. Abin da ba za ta iya ci ko sha ba, saboda lafiya ko saboda addini, ta faɗa da ladabi tun ranar da ta sauka, ya fi a gan shi cikin shara. Kada kuma ta ce "mu a Nijeriya ba haka mu ke yi ba" sai an tambaye ta. In wani abu ya taɓa mutuncinta ko lafiyarta, wannan ba al'ada ba ce da za ta jure, ta sanar da waɗanda suka aike ta nan da nan.

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, yajin fa, Malam? A fitar?" Muka ce a'a, a ƙara mata wani ƙulli. Ɗaya nata, ɗaya na uwar gidan da za ta sauka.