Ra'ayinmu: Kada ci gaban Moniya ya haɗiye Kasuwar Shasha

A watan Fabrairun 2021 sunan Kasuwar Shasha, da ke ƙaramar hukumar Akinyele a Ibadan, ya karaɗe ƙasar nan ta hanyar da babu mai so. Cacar baki kan tumatir da ya zube a gaban wani shago ta rikiɗe zuwa faɗa tsakanin Hausawa da Yarabawa, aka yi asarar rayuka, aka ƙona shaguna da gidaje. Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara suka je jaje, kafin ƙarshen watan aka sake buɗe ta. Sai kuma ƙungiyar fataken kayan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda, farashin tumatir da albasa ya yi tashin gwauron zabi a Legas, kayan kuma suna ruɓewa a hannun manoman Arewa. Daga nan kowa ya gane cewa Shasha jijiya ce a cinikin abincin Nijeriya.

Wancan rikici ya lafa. Abin da ke tafe yanzu ba shi da hayaniya, kuma saboda haka ne ya fi saurin wuce idon hukuma. Dab da Shasha ne Moniya take, inda tashar jirgin ƙasa ta Obafemi Awolowo take, a ƙarshen layin dogon Legas zuwa Ibadan da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Yunin 2021. A wannan yanki aka tsara gina tashar tsandauri ta Ibadan, ga kuma hanyar zobe mai tsawon kilomita 110 da gwamnatin Oyo ke shimfiɗawa kewaye da birnin. Mazaunin Abuja da ya ga yadda Lugbe da Kubwa suka sauya ya san abin da ke biyo bayan irin waɗannan ayyuka: fili ya yi daraja, masu gine-gine su shigo, kasuwar da jiya ake gani a bayan gari ta wayi gari a kan ƙasar da kowa ke kwaɗayi.

Yadda lamarin ke gudana a ƙasar nan kusan iri ɗaya ne. Gobara ko rikici ko cunkoso ya zama hujja, a ce za a zamanantar da kasuwa, a bai wa kamfani aikin bisa sharaɗin ya mayar da kuɗinsa ta hanyar sayar da shaguna. Kamfanin kuwa zai sa farashin da zai fitar da shi, ba wanda mai tebur zai iya biya ba. Kasuwar Tejuosho a Legas ta ƙone a 2007, aka sake buɗe ta a 2014 da benaye da wurin ajiye motoci, amma da yawa daga cikin tsofaffin 'yan kasuwar ba su iya komawa ba saboda tsadar shago, suka bazu a bakin titi. A Kaduna an rushe Kasuwar Barci a 2020, 'yan kasuwar suka shafe shekaru suna kokawa kan yadda za su koma wuraren da suka gada. Mun kawo misalin Kudu da na Arewa ne don a san cewa cutar ba ta ƙabila ba ce. Mai ƙaramin jari ne take kamawa, ko da wane yare yake magana.

Shasha ta fi fuskantar wannan haɗari saboda cinikinta a kan amana ya ginu. Tun daga 1916, da aka keɓe unguwar Sabo a Ibadan domin Hausawa, fataucin goro da shanu ya tsaya ne a kan maigida: shi ke saukar da baƙon falke, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan aka sayar bashi. Masanin nan Abner Cohen ya bayyana wannan tsari a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo. Shasha tana can arewacin birnin, nesa kaɗan da Sabo, amma irin wannan tsari ta gada a cinikin kayan gwari. Motar tumatir daga Kano ko ta albasa daga Sakkwato tana sauka ne a hannun dillali, 'yan dako su sauke, matan Yarabawa su saya kwando-kwando su kasa wa masu cefane. Mafi yawan waɗannan mutane ba su da takardar mallakar ko taku ɗaya na filin da suke cin abinci a kai.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon karɓe su domin amfanin jama'a, diyya kuwa ta mai haƙƙin zama ce, bisa abin da ya gina ko ya shuka. Ɗan dako da mai kasa barkono ba su da gurbi a wannan lissafi. Ban da haka, kayan gwari fili suke buƙata, inda tirela za ta juya da asuba a sauke kaya kafin rana ta yi. Shago mai tayil a hawa na biyu ba shi da amfani ga mai kwando ɗari na tumatir. Ranar da aka gina irin wannan, masu sayar da wayoyi da tufafi za su shiga, kayan miya su koma gefen hanya.

Ba muna cewa a bar kasuwar yadda take ba. Kamar sauran kasuwannin kayan gwari, tana buƙatar magudanan ruwa, da makewayi, da ruwan sha, da ɗakunan sanyi da za su rage ruɓewar kaya, da hanyar da motar kashe gobara za ta bi. Gwamnatin Oyo kuma tana da haƙƙin tsara birninta. Amma gyaran da ya kori mai wurin, gyaran gangar Auzinawa ne.

Saboda haka muna kira da a yi abubuwa huɗu tun kafin wani kamfani ya zo da zane. A yi rajistar duk mai sana'a a kasuwar, har da masu tebur da 'yan dako, a gaban Sarkin Shasha da Baalen Shasha da shugabannin mata, a kuma kafe sunayen kowa ya gani. A rubuta cikin duk wata yarjejeniya cewa waɗanda aka yi wa rajista su ne farkon samun wuri, da farashin da aka amince da shi, ana biya a hankali. A keɓe filin saukar kaya a hukumance yadda ba za a yanka shi a sayar ba. Idan kuma aiki ya kama, a yi shi sashe-sashe, domin ciniki ba ya jiran magini.

Gwamnatin Tarayya ba 'yar kallo ba ce a nan. Layin dogon nata ne, tashoshin tsandauri kuma Majalisar Masu Safarar Kaya ta Nijeriya ce ke jagorantar su a ƙarƙashinta. Ayyukanta ne suka ɗaga darajar ƙasar, don haka wajibi ne jami'an da ke rubuta takardun waɗannan ayyuka su sanya makomar kasuwannin da ke kewaye cikin nazarin tasirinsu ga al'umma. Sashe na 41 na kundin tsarin mulki ya bai wa kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya ga dama, kuma tsadar shago tana iya tauye wannan 'yanci kamar yadda tarzoma ke yi. Su ma gwamnonin Arewa, da suka yi hanzarin zuwa jaje, ya kamata su taimaka wa ƙungiyoyin 'yan kasuwar da lauyoyi da masu safiyo domin su mallaki takardu, sannan su duba yadda ake rabon shaguna a nasu jihohin. Tun ran gini ake zane.