Fitilar tablo ba ado ba ce

Wannan wata zancen mota za mu yi, tunda kat-kat sun yi yawa bisa hanyoyinmu, har da masu kai marasa lafiya likita.

A damanar bara na shiga wata kat-kat daga Tasawa zuwa ƙauyen da nike karantar da manya. Sai na ga shofer ya manna takarda bisa tablo. Na ce mishi: malam, mi ka rufe nan? Ya ce fitilu biyu ne suka ƙi mutuwa, ta ABS da mai zanen mota tana santsi, suna damun idonshi da dare. Raina bai kwanta ba, don mutum 7 ne muke ciki.

Ga abin da ke faruwa. Kowace ƙafar mota tana da ɗan abu kusa da birki, makanikai na ce mishi kaptar. Aikinshi ƙirga juyin ƙafar, ya aika ma ƙwaƙwalwar mota ta waya. In ƙafa guda ta fi sauran 3 gudu cikin laka, ƙwaƙwalwar ta kama ta da birki ko ta rage ƙarfin inji, mota ta miƙe. To in laka ko garin ƙarfe ya rufe kaptar, ko kututture ya tsinke wayar, ko rulma ta yi wasa, ƙirgar ta ɓaci. Sai ƙwaƙwalwar ta janye hannunta, ta kunna fitila. Birki na nan yana ci, amma in aka taka da ƙarfi bisa jiƙaƙƙen gudron, ƙafafu na iya ƙamewa mota ta zame. Wani sa'i ma, kana tafiya sannu bisa busasshiyar hanya, ka ji birki na makyarkyata ƙarƙashin ƙafarka ba dalili.

Gyaran ba shi da wuya. A garaj mai na'urar bincike, ita za ta nuna ƙafar da ke da laifi. Sau da yawa wankewa ce ko haɗa waya. A lura kuma tayoyi huɗun su zam girma ɗaya.

Mai sayen mota ta hannu, ka murɗa makulli ka dubi tablo: fitilun nan su kama ɗan lokaci sannan su mutu. In ba su kama ba sam, wataƙila an cire musu ƙwai ne.